Wayar da Na Fasa da Finafinan da Za Ki Kalla

Kaura Namoda,
Ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Inno,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, gaisuwar uban da bango guda ya raba shi da ɗiyarsa, amma sai da ya nemi biro da takarda kafin ya iya yi mata magana. Allah ya kai ki Sakkwato lafiya ranar Asabar. Allah ya tsare motar da direbanta, ya rufe idon mugu daga gare ku tun daga tashar Kaura har ƙofar makarantar koyon jinya. Allah ya ba ki hannu mai sanyi, wanda majinyaci zai ji sauƙi tun kafin allura ta shiga.

Sati uku ke nan ba ki ce mini komai ba sai "ina kwana" da "ga abinci," ko "Baba" ba ki haɗawa da shi. Ban ga laifinki ba. Bari in rubuta abin da na yi, tunda bakina ya ƙi faɗa. Na dawo daga shago bayan la'asar, na kira ki sau uku, kina gindin darbejiya da abin ji a kunne kina kallo. Na fizge wayar na buga ta da turmi. Sai da na ga fuskarki na tuna cewa muryar mahaifiyata tana ciki, tatsuniyoyi da addu'o'in da kika ɗauka kafin ta rasu, ita da kika ci sunanta har na kasa kiranki da shi. Ni da sana'ata ke nan, tura wa mutane finafinai a waya a bakin kasuwa, kullum ina yi musu faɗa su riƙa ajiye abu biyu-biyu, ban taɓa kwafar muryar uwata ba. Na buɗe wayar da kaina, na kai ta Gusau, an ce ba za ta tashi ba.

Ban iya ba da haƙuri da baki ba. Bakina faɗa ya iya, kin sani, unguwa ta sani. Wasu iyayen gona suke ba 'ya'yansu ko saniya in za su bar gida. Ni abin da na tara tun ina yaro kallo ne, don haka shi zan ba ki. A Sakkwato za ki samu ƙawaye, kowacce da waya cike da finafinai, kuma babu uban da zai tsaya a kanki. To ga abin da na sani, kuma duk da kuskure na saye shi.

Aji uku na firamare na tsaya. Karatun boko a bayan kwalin kaset na koye shi, ina haɗa baƙi da baƙi don in san labarin fim kafin a saka, daga nan na koma littattafan bakin kasuwa. In kin ga kuskure a rubutuna ki yi haƙuri, malamina kwali ne.

Kin san layin dogo a garinmu ya ƙare, daga Kaura babu gaba. Lokacin da na yi wayo jirgi ya riga ya yi wuyar gani. A talabijin ɗin wani gidan kallo na fara ganinsa yana gudu sosai, cikin fim ɗin Indiya, mai shayi na bin tagogi, gonaki kore shar suna wucewa. Da aka tashi ban tafi gida ba. Na nufi tsohuwar tasha, na kwanta na kara kunnena a kan ƙarfen da ciyawa ta rufe. Ƙarfen da ɗumi, awaki na kiwo tsakanin layuka. Wallahi, Inno, na ji jirgi. Na ji shi can nesa wajen Gusau, yana tahowa a hankali da taragu shuɗɗa, cike da mutanen da ban sani ba, kowa da ƙullin tsaraba, kuma duk wurinmu za su zo. Har rana ta yi ja bai iso ba. Na tashi na nufi gida, sai na ga Kaura ta sake mini: hayaƙin masu ƙosai, jan ginin ƙasa, mata na dawowa daga rijiya, komai kamar an wanke shi. Fim ɗin da za ki gama ki ɗaga kai ki ga inda kike ya ƙara kyau, wannan ki kalla, ki sake kallo.

Akwai kuma akasinsa, shi ma na sha shi. Na taɓa jera kwanaki ina kallon irin waɗanda kowa ke zaune a bene, ana cin abinci da cokali mai yatsu, babu mai gumi. Na dawo gida na ce wa Inna, mahaifiyata, tuwonta warin hayaƙi yake yi. Ko juyowa ba ta yi ba.

"To, Lawwali, ka tahi cikin akwatin su ba ka nasu."

Kwana biyu ba ta ajiye mini tuwo ba. Duk fim ɗin da zai sa ki raina ɗakin uwarki, ki goge shi, ko da waƙoƙinsa sun fi zuma.

Da na kai saurayi sai na zama mai fassara a Shinkafi. Ku yanzu fim da fassararsa yake zuwa muku a ciki. A lokacin mu ne fassarar. Ranar kasuwa, bayan azahar, a tayar da janareta a bayan rumfar zana, a ɗora talabijin kan tebur, a rage murya, ni in tsaya a gefe da ƙaramar sanda ina nuna mai magana ina faɗin abin da ya ce. Indiyanci kuwa ko kalma biyar ba na ji. Fuska nake duba in ƙera magana. Mai yiwuwa jarumi ruwan sha yake nema, ni in ce ya rantse sai ya rama kisan ubansa. Wani tsoho mai sayar da igiya ya taɓa tare ni:

"Kai Lawwali, duk wagga doguwar magana da yay yi, 'ina kwana' ce kawai?"

"Baba, gaisuwassu tsawo gare ta, sai da ya tambayi awaki."

Aka kwashe da dariya, na ci gaba. Ina son aikin nan kamar me. Rana na ratsowa ta kafofin zana tana sauka a fuskokin mutane ɗigo-ɗigo, manoma da 'yan tireda da masu shanu duk baki buɗe, ni kaɗai ke riƙe da labarin, in ga dama in kai su kuka, in ga dama in dawo da su. Don haka in kina kallon mai fassara, ki riƙa duba idon ɗan wasa fiye da bakin mai fassarar. Mun iya ƙarya, ni shaida ne. Wani lokaci ma ki nemi wanda ba a fassara ba, ki kalle shi haka nan. Za ki yi mamakin yawan abin da za ki gane. Zai yi miki amfani ranar da aka kawo miki majinyacin da ba ku jin harshen juna.

A wannan rumfar na yi abin da ya raba ni da kawunki Bawa. Kin sha tambayar ummanki me ya sa ba ya shiga gidanmu, tana ce miki sauri yake yi. Ba sauri ba ne. Lokacin da na je Zurmi neman aurenta, shi ne ya ce ba a ba ɗan gidan kallo mata. Iyaye suka ba ni duk da haka, amma na riƙe abin a raina. Wata ranar kasuwa aka saka fim mai wani bos, ƙaton ciki, ƙaton gashin baki. Yana fitowa na nuna shi da sanda na ce, "Jama'a, ga Bawa na Zurmi." Kin san kawunki da in'ina. To na ba bos ɗin in'ina, tun daga farkon fim har aka kashe shi. Rumfa ta kusa faɗuwa don dariya. Ban damu da cewa akwai 'yan kasuwar Zurmi a ciki ba, don su ma na yi. Kafin sati ya zagayo, yara na bin sa a kasuwar hatsi suna kwaikwayonsa. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

Bai ce mini uffan ba har yau. Bai zo sunanki ba. Ranar da ƙyanda ta kama ki kina ƙarama, ya taho tun daga Zurmi da kwalbar zuma, ya tsaya a ƙofar gida ya aika aka kira ƙanwarsa, ya miƙa mata, ya juya. Ina zaure ina kallon ƙafafunsa, na kasa cewa shigo.

Saboda haka finafinan barkwancin da dariyarsu duk a kan ɗan ƙauye take, ko mai in'ina, ko kurma, ko Bafillacen da ya shigo birni, ki bar su. Ba sa burge ni ko kaɗan, ragwanci ne, wanda bai iya ban dariya ba shi ke neman mai rauni ya hau. Mutumin da suke yi wa dariya shi ne gobe zai kwanta a gadon asibitinki yana fama ya faɗi inda ke masa ciwo. Barkwanci mai kyau yana nan, wanda mai wayo ke faɗawa ramin wayonsa, ko mai kuri ya ga ɓera ya hau kujera. Ki yi dariya har hawaye, ba na hana ki. Amma ki kula da harshenki, don nawa ne kika gado. Na ji yadda kike mayar wa ƙannenki magana, wani lokaci sai in ɓoye fuska don kada ki ga ina jin daɗi.

Akwai wani dattijo, Baffa Ja'e, daga wata ruga wajen Badarawa. Duk ranar kasuwa sai ya zo da malfarsa da sandarsa ya zauna can baya, ya roƙi a saka masa wani fim na Turawa da kowa ya tsana. Babu faɗa, babu waƙa. Wani ƙauye ne a kan tsaunuka, hazo na sauka da safe, shanu masu ƙiba da ƙararrawa a wuya suna tafiya cikin ciyawa har gwiwa. Samari su yi ta ihu, "A sa muna na faɗa!" Wata rana raina a ɓace, da aka zo wurin shanun sai na danna na tura shi gaba da gudu.

"Yaro," in ji shi, "ɗan kaɗan ne fa. Bari su ƙetare rafin."

"Baffa, nan gidan kallo ne, ba ruga ba. In shanu kaka so, ga kara can."

Aka yi dariya. Ya ɗauki malfarsa ya fita. Sai daga baya wani mahauci ya gaya mini an kore masa garkensa kaf tun damina, ko maraƙi ba a bar masa ba, kuma akwai wata jar saniya a fim ɗin da ya ce tafiyarta irin ta tasa ce. Bai sake zuwa ba. Na ajiye kaset ɗin shekaru ina jira.

Na zauna na kalli fim ɗin ni kaɗai daga baya, ban tura ko'ina ba. Inno, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Shanun suna shiga rafin ɗaya bayan ɗaya, ruwa na kai musu ƙirji, ƙararrawa na kaɗawa a hankali, ta ƙarshe ta tsaya a tsakiya ta ɗaga kai tana kallon wani abu da ba a nuna mana ba. Ki nemi finafinai masu tafiyar hawainiya irin wannan, waɗanda ba sa tsoron yin shiru. Ƙawayenki za su ce barci yake sa su, ki ƙyale su su yi barcinsu. Kuma in kin ga mutum ya nutse cikin allo, kada ki yi saurin yanke masa hukunci, ba ki san abin da ya je nema a ciki ba. Na san me za ki ce a nan. Ki faɗa, na ji.

Na harbe-harbe kuwa, ki bar su duka. A nan ba na lallashi. A fim mutum ya faɗi, kiɗa ya tashi, a wuce gaba, jarumi ya hura bakin bindiga yana murmushi. Na je gaisuwar mutuwa wajen Kurya Madaro bayan 'yan bindiga sun shiga garin, babu wanda ya buga kiɗa. Mata na zaune shiru a tsakar gida, gero ya nuna a gona babu mai zuwa yanka. Masu shirya waɗannan finafinan ba su taɓa jin ƙarar abin a bayan gari ba, da sun ji da sun kama wata sana'a. Ni kuma shekara da shekaru ina cika wa samari wayoyi da su, ina ma yi musu talla, "Wannan wuta ne daga farko har ƙarshe." Wasu daga cikin samarin nan ban san inda suke ba yanzu. Ban ce fim ne ya kai su ba, amma ban iya rantsewa cewa hannuna babu komai ba. In dai sai kin kalli na yaƙi, ki nemi wanda ke nuna mai wankan gawa da wadda aka bari da yara.

Sai masu dogon zango, waɗanda na san su ne za su fi cin lokacinki. Na Koriya, saurayi sai ya yi kashi ashirin kafin ya iya cewa yana so, amma sun iya ɗaukar ruwan sama da abinci, har ki ji yunwa. Na Turkiyya akwai dawaki da takubba da manyan maganganu, sai dai kowa mayaudari ne sai jarumi da uwarsa. Namu na Hausa kuwa wasu na ba ni haushi: kowa na falo, lemo a kan tebur, babu mai ɗebo ruwa, babu mai zuwa gona, rigimar da kiran waya ɗaya zai kashe sai a ja ta wata shida. Amma a cikinsu akwai masu kyau ƙwarai, inda tsohuwa ke magana kamar tsohuwar gidanku. Ga ma'aunina: ki ba shi kashi uku. In har babu wanda ya yi aiki da hannunsa, babu wanda ya yi dariyar gaske, ki sallame shi.

Kuma ki san lokacin kashewa. Shekarar da aka haifi ƙaninki, ruwan shuka ya sauka, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Ni ina tsakiyar wani na Turkiyya, an kewaye sarki a ganuwa. Na ce kashi ɗaya in tashi. Kwana uku ina kashi ɗaya. Da na isa gonarmu ta Banga ƙasa ta bushe, sai da na jira wani ruwan, geronmu ya zo a baya, tsuntsaye suka raba mu da shi. Ummanki ta tsaya a kan ɗan abin da na kawo ta riƙe ƙugu.

"Lawwali, sarkin naka ya tsira?"

"Ya tsira."

"To madalla. Ka aika mai ya aiko muna da gero."

Jarrabawarki ita ce ruwan shukarki. Sarki zai jira, a waya yake.

Yanzu bari in zo kan ranar nan. Ummanki ta ɗauka wani ne ya ɓata mini rai a kasuwa. Babu wanda ya ɓata mini. A ranar ne na karɓo takardarki ta makaranta, tana cikin aljihuna, na taho in ba ki. Tun daga shago nake ta tsara yadda za ki yi tsalle. Na shigo na kira, ba ki amsa ba. Na sake kira. A kira na uku sai na ga gidan yadda zai zama: darbejiya, tabarma, turmi, ina kira babu mai amsawa. Kina zaune a gabana amma kin riga kin tafi. Tsoro ne ya kama ni, ni kuwa duk abin da ya shiga jikina faɗa yake zama kafin ya fito. Wannan ba hujja ba ce. Na faɗa ne don kada ki tafi kina zaton kallonki na tsana, ko ke.

Na tambayi ƙawarki abin da kike kallo, na nemo shi na kalla a shago tsakanin masu zuwa turi. Na ba shi kashi uku kamar kowa, sai ga ni a na goma sha wani abu. Yarinyar nan mai aikin jinya a ƙauye, da take wanke hannu a bokiti tana faɗa da mai gari kan rijiya, ta yi. Uban nata dai sakarai ne, amma an kamanta. Zaɓinki ya fi nawa lokacin da nake kamarki.

Muryar Inna ba zan iya dawo miki da ita ba. Na yi ta ƙoƙarin tuna yadda take jan "to" ɗinta kafin ta fara tatsuniya, wani lokaci ina kamawa, wani lokaci ya kuɓuce. Ke kin fi ni riƙewa, kin saurara fiye da ni. Abin da na ɓata naki ne kuma nawa ne, na sani. Ki yafe mini, Inno. Ga shi na rubuta, na karanta a fili a cikin shago har mai gyaran takalmi na kusa da ni ya leƙo ya ce da wa nake.

Ku bi ta Gusau, ko da direba ya ce hanyar Shinkafi ta fi kusa. Kada ki zauna bakin ƙofa. Ki riƙe sallarki da azkar ɗinki, ki ci abinci kafin ki shiga aji, ki riƙa kiran ummanki ko da wayar aro ce, ko ba ki kira ni ba.

Ranar Asabar zan zo tasha, amma ba zan matso ba. Zan tsaya wajen mai shayi, tsallaken hanya, inda za ki iya ganina. Na yi wa ummanki alkawari ba zan yi faɗa da direba ba, ko ɗan kamasho, ko da sun ɗaure jakarki a karkace. In ba ki shirya ba, ki shiga motarki, ba zan riƙe ki a raina ba, addu'ata za ta bi ki duk da haka. In kuwa kin ga za ki iya, ki ce "Baba" kawai. Sau ɗaya ya isa, zan ji.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin hanya da na mutum. Allah ya jiƙan Inna, ya dawo mana da ke lafiya.

Mahaifinki,
Lawwali